Wa Ya Ba da Umarni a Ɗaki na Huɗu

Litinin, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Tun kafin in nemi shiga makarantar nan na ji ana cewa wai a ɗakin tiyata, in abu ya ɓaci, ɗalibi ne ke faɗuwa, malami kuwa ya kakkaɓe rigarsa ya wuce. Wata nas ce ta faɗa mini a wurin shan gahawa, ita ma wani ne ya faɗa mata, shi ma wai ƙanwarsa abin ya faru da ita. Dariya na yi. A gaban kakata Mamá Cheba na girma, wadda in ta fara labari har kaji sukan bar tono, don haka na san kamannin labarin da ya sha yawo a bakuna: ya yi sumul, ba shi da ƙaya ko ɗaya. Ban yarda ba.

Yau ga ni a baranda a Jayuya, garinmu na kan dutse a tsakiyar tsibirin nan, ranar aiki, ina kallon itatuwan lemo kamar wanda ya yi ritaya. Shekarata hamsin da tara. Talatin daga ciki na yi su ina jinyar waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa, yanzu kuma ni ne ɗalibi mafi furfura da ke koyon sa mutane barci don a yi musu tiyata. An dakatar da ni tun ranar Alhamis. Kwamiti zai zauna cikin watan nan ya yanke: ko in koma in ƙarasa 'yan watannin da suka rage mini, ko in tafi ke nan.

Matata Nereida ce ta ba ni littafin nan, ta ce in zuba surutuna a ciki tunda na ƙi yi mata. To ga shi na zuba: mutumin da na sa barci ranar ya farka. Lafiya lau ya farka.

Talata, 4 ga Nuwamba, da asuba

Jikina bai san an dakatar da ni ba. Ya tashe ni lokacin da ya saba, kwaɗi ba su ma gama kukansu ba. Na ɗauko koren kayan aikina na hau guga. Nere ta leƙo, gashi a tsaye.

"Tsoho, ina za ka?"

"Ba inda za ni."

"To gugar ta mece ce?"

"Ni aka dakatar, ba rigar ba."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta je ta ɗora gahawa. Na buɗe littafin magunguna a inda na tsaya. Akwai jarrabawa a watan gobe, kuma ba wanda ya ce mini an soke tawa.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da azahar

Ba wanda ya kira. Ni ma ban kira kowa ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da la'asar

Toño ya zo, ƙanin Nere, da akwatin wasan domino a hammata. Tun daga bakin hanya ya fara.

"Ɗan makaranta! An koro ka ka zo da babanka? Bari in sa rigar kirki in je. In ce musu, ku yi haƙuri da shi, yaron nan tun yana ƙarami ba ya jin magana."

"Zauna ka sha kaye, sannan ka je."

Mun yi zagaye biyu kafin ya fito da abin da ya kawo shi. Wai a gidan burodi ya ji cewa na yi wa mutum allura ba da izini ba. Ke nan zancen ya hau dutsen nan tun daga birni, ya fi motata sauri.

"Mutumin ya mutu?"

"Ya farka ya tambaye ni abin da ya sami akuya."

"Wace akuya kuma?"

Dole na yi masa bayani. Duk wanda zan sa barci nakan fara masa labarin Mamá Cheba na akuyar da ta shiga coci ta cinye takardar wa'azin fada, ta fito tana yi wa jakuna huɗuba. Kafin akuyar ta kai bakin ƙofa mutum ya tafi. Ba wanda ya taɓa jin ƙarshensa. Yawanci in sun farka sun manta, amma wannan masuncin da aka cire wa matsarmama, ido na buɗewa sai ya ce, "Maigida, akuyar fa?"

Toño ya yi dariya har ya kifar da domino. Da ya nutsu ya ce, "Kai ma ka sani ai. A wurin nan ɗalibi ke faɗuwa. Kowa ya sani."

Na ce, "Kai da ko allurar rigakafi sai an riƙe ka, yaushe ka zama masanin asibiti?"

Na cinye shi sau uku. Bai rage mini komai ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Ruwa ake yi tun safe, ba a ganin ƙasan kwari. Irin ranar da mutum ke tuna abin da ba a tambaye shi ba.

Ba da wasa na shiga makarantar nan ba. Sai da na koma aji na sake karatun sinadarai da yara sa'o'in jikokina, suna ce mini farfesa suna neman in ara musu biro. Shekarar farko da na nema aka ƙi ni. Ta biyu aka kira ni ganawa. Mutum uku a bayan tebur, a tsakiya Dakta Irizarry, shugabar sashen, mace mai magana a hankali kamar tana auna kowace kalma da cokali. Ta sa wa sunana "Don", irin girmamawar da ake yi wa dattijo a wajenmu, ta ce, "Don Efraín, a shekarunka, me kake nema a nan?"

Na ce, "Dakta, shekara talatin ina zaune kusa da waɗanda suka yi barci ba su tashi ba. Ina so kafin in mutu in yi aikin da ni zan kwantar da mutum, ni kuma in tashe shi."

Ta rubuta wani abu. Aka ɗauke ni. Na ajiye aiki, don makarantar nan ba ta haɗuwa da aiki, Nere ta ɗauki gidan a kanta da abincin da take dafa wa 'yan firamare.

Da muka fara shiga ɗakin tiyata, kowane ɗalibi aka ba shi malamin da zai tsaya a kansa. Da na duba allo sai na ga sunan Yadira Pagán. Yadira! Yarinyar da ta zo sashenmu tana da shekara ashirin da biyu, wadda ta ɓuya a ɗakin ajiye zannuwa tana kuka ranar farko da mara lafiya ya mutu a hannunta. A hannuna ta koyi neman jijiya, har yanzu akwai tabon. Ta wuce ni, ta yi karatun nan tun da ƙuruciya, ta ƙware. Ban ji komai ba sai daɗi. A ciki nakan ce mata Mis Pagán, kuma in ta ce tsaya, in tsaya.

Dokar ita ce ɗalibi ba ya tura ko ɗigon magani a jijiyar mara lafiya sai ya juya ya faɗa wa malaminsa, malamin ya ce to. Doka ce mai kyau. Da ni ne shugaba ita zan kafa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, bayan coci

Mata uku sun riƙe hannuna sun ce suna yi mini addu'a, da irin muryar da ake yi wa mai ciwon da ba ya warkewa. Na ce su haɗa da Toño, shi ne ke shan kaye.

Nere ta yi shinkafa da wake da soyayyar agade. Tana zuba mini ta ce, "Ba ka taɓa karya doka ba, ko ta fitilar hanya. Me ya faru a ɗakin nan?"

Na ce gishiri ya yi daidai.

Talata, 11 ga Nuwamba, da yamma

Na sauka birni, Dakta Irizarry ta kira ni. Ta ba ni kujera mai laushi, ta sa aka kawo gahawa. Da na ga gahawar na san ba alheri.

Ta maimaita mini abin da ya faru kamar ba ni nake wurin ba. Ɗaki na huɗu, ana tsakiyar aiki, likitocin tiyata suna can bayan labule ba sa ganin ɓangarenmu. Jinin masuncin ya faɗi warwas, na'ura ta hau kuka. Babban likitan barci ya ji daga waje ya shigo da gudu. Ya tarar da sirinji a hannuna, babu komai a ciki, lambobi suna hawa, Mis Pagán tana tsaye a bayana. Ya ce, "Wa ya ba da umarni?" Mis Pagán ta ce, "Ba ni ba ce."

Gaskiya ta faɗa. Ba ita ba ce.

"Maganin daidai ne," in ji Dakta, "yawansa ma daidai. Ba wanda ke musun wannan. Amma taku ɗaya ne tsakaninka da malamarka. Me ya hana ka juya?"

Akwai hoton teku a bangonta. Na ƙare masa kallo.

"Hannuna ya riga bakina, Dakta."

"Abin da nake tsoro ke nan. Hannun da ya shekara talatin yana yanke hukunci shi kaɗai. Yau ya dace. Gobe fa? Ɗalibin da malami ke gefensa ya ƙi tambaya, ba zan iya sa hannu in ce a ba shi ran mutane ba." Ta juya cokali a cikin gahawa. "In ba ka da wani dalili da za ka ba kwamiti, shawarata ka janye da kanka, da mutuncinka. Ba wanda zai rubuta an kore ka."

Na ce, "Da ƙafata na shigo, Dakta, amma ba da ita zan fita ba. Sai dai ku ɗauke ni."

Na shanye gahawar. Tana da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da safe

Mutumin ya farka. Ya nemi matarsa, ya nemi akuya. Na goge riga.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da la'asar

An ɗauke wuta tun azahar. Muka fita bayan gida tayar da janareta saboda naman da ke firij. Ina jan igiya, bakina da ba ya shawara da ni ya ce, "Allah ya sa maƙwabcin su Yadira yana gida."

Nere ta ajiye jarkar mai.

"Me ya kawo Yadira?"

"Ba komai. Mahaifiyarta ce ke kan injin numfashi a gida. In wuta ta tafi sai wani ya tayar mata da janareta."

"Ita kaɗai take wuni?"

"Ita kaɗai."

Na ci gaba da jan igiya. Ina jin idonta a ƙeyata.

"Ranar Alhamis ɗin nan ma an ɗauke wuta. Rabin tsibirin. Na tuna, don a duhu muka dafa wa yara." Ta zagayo gabana. "Efraín. Dube ni. Yadira ba ta cikin ɗakin tiyatar ranar."

"Miƙo mini man."

"Ta fita yin waya ta bar ka kai kaɗai da mutum a buɗe. Ta dawo ta ɗayar ƙofar daidai da shigowar likita."

"Nere, naman zai lalace."

Janareta ya tashi. Ban taɓa jin daɗin ƙararsa kamar yau ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da hantsi

Ba ta yi mini magana ba sai da ta gama shara, sannan ta yi ta gaba ɗaya, tsintsiya a hannu.

"Shekara biyu ina tashi kafin zakara in haɗa maka abinci. Shekara biyu ina yi maka tambayoyin magungunan da ko sunansu ba na iya faɗa. Ni ma na yi makarantar nan, tsoho! Wa ya ba ka izinin ka kyautar da rabona?"

"Malamin da ya bar ɗalibi shi kaɗai da mara lafiya, ba dakatarwa ake yi masa ba kawai. Zai iya rasa aikin. In ta rasa, wa zai riƙe tsohuwar?"

"Kai wa zai riƙe ka? Akuya?"

"Ba zan faɗa ba, kuma ba zan janye ba, kuma ba zan ce na yi kuskure ba."

"To me za ka yi?"

"Zan tsaya."

"Tsayuwa! Itacen lemon nan ma a tsaye yake." Ta nuna ni da tsintsiya. "Kana ganin kirki ne. Girman kai ne ya sa rigar kirki. Kai dai kana so ka zama na cikin labari, irin na kakarka."

Ta ce ita za ta sauka ta gaya wa Dakta da bakinta. Na ce in ta yi, zan ce ƙarya take. Tun da muka yi aure ban taɓa faɗa mata magana irin wannan ba. Ta jingine tsintsiyar a hankali ta shiga ciki.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da azahar

Ta tafi coci ita kaɗai. Abincina yana rufe a kan tebur. Ba gishiri.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da yamma

Tsohuwar shugabata ta sashen jinya ta kira. Wai gurbina yana nan, yaran da aka ɗauka ba su san hannunsu ba, in ina so ko gobe. Ta ƙara da cewa kada in damu, ai an san yadda abin yake a can, ƙaramin ne kullum ke ɗaukar laifi. Kowa ya haddace zancen nan kamar addu'ar cin abinci.

Na gode mata, na ce ina da jarrabawa.

Na yi babi guda a kan yadda ake sa wa jarirai bututun numfashi. Idona yana gajiya da wuri yanzu, wannan kam ba zan ɓoye wa takarda ba. Hannuna dai ba ya rawa. Na miƙa shi na duba.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da la'asar

Yadira ta zo.

Na ji mota tana fama da hawan nan namu, na leƙa. Ta fito da burodi a leda, ta rame. Ta tsaya a bakin ƙyaure ba ta shigo ba, ta ce, "Sa mini albarka, Don Fraín," kamar yadda kowane yaro ke yi in ya ga babba. A asibiti ma a ɓoye takan ce haka kowace safiya kafin ta zama Mis Pagán.

Na ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Shigo."

Nere ta kawo gahawa, ta dire ta da ƙarfin da sai da ta fantsala a faranti, ta koma ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙirji.

Yadira ta riƙe kofin ba ta sha ba. "Saƙo ne ya shigo cewa wuta ta tafi. Na kira maƙwabcin bai ɗauka ba, a ciki kuma waya ba ta kamawa sosai. Na ce bari in leƙa waje, komai lafiya yake, kuma kai ne a wurin. Da wani ɗalibin ne ba zan motsa ba. Don kai ne."

"Ban tambaye ki ba."

"Da ya ce wa ya ba da umarni, bakina ne kawai ya..."

"Ban tambaye ki ba, na ce. Ya tsohuwa?"

"Da sauƙi." Ta share hanci da bayan hannu, kamar ranar ɗakin zannuwa. "Ba na barci, Don Fraín."

"Ki zo in ba ki labarin akuya."

Ta yi dariyar da rabinta kuka ne. Sannan ta ce, "Jibi za su kore ka. Na ji suna magana."

"Su gwada. Ke dai ki riƙe bakinki, ki riƙe aikinki. Ni na san yadda zan yi da su."

Ta ajiye kofin ta tashi. Da za ta shiga mota Nere ta ɗaga murya daga baranda, da zaƙi kamar zuma: "Ki gaida Mama, 'yata. Ki ce mata muna nan muna biyan kuɗin wutarta."

Na ce, "Nere!"

Ta ce, "Gaisuwa ce."

Juma'a, 21 ga Nuwamba, da yamma

Na sa farar rigata ta zuwa biki. Ina ɗaura takalmi na ga Nere ta fito da jakarta. Ta shiga mota. A hanya ta gyara mini wuyan riga sau biyu, da ƙarfi.

Mutum biyar a bayan tebur. Dakta Irizarry a tsakiya, babban likitan barcin a gefe. Yadira tana can ƙarshen ɗaki a kujerar shaidu, kanta a ƙasa. An tambaye ta tun kafin in shigo, ban san me ta ce ba, amma fuskokinsu sun nuna ba wani sabon abu.

Wani matashin malami ya ce, "Don Efraín, ka yarda ka karya doka?"

"Na yarda."

"Ka yi nadama?"

"A'a."

"In aka mayar da kai ranar, me za ka yi?"

"Abin da na yi. Sai dai in ƙara sauri."

Likitan barcin ya matso da kujerarsa. Ba mugu ba ne, mutum ne da ya ga abin da ya gani. Ya ce, "Abu ɗaya ke damuna. Na san aikinka, ba ka da gaggawa, har ƙorafi ake yi kana ɓata lokaci da tatsuniya. A ina Mis Pagán take tsaye lokacin da jinin ya faɗi?"

Na ce, "Likita, ni ɗalibi ne. An ce in sa ido a kan mara lafiya, ba a ce in yi gadin malamai ba. Idona yana kan masunci."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ita ce da ni."

Dakta ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce za su sanar da ni mako mai zuwa, amma kada in sa rai. Na ce rai kam na riga na sa, tun shekara biyu da suka wuce, ba ya ciruwa.

A mota Nere ta ce, "Ka yi kyau a rigar." Sai da muka kai rabin dutse ta ƙara, "Wawa."

Asabar, 22 ga Nuwamba, da safe

Na goge riga.

Litinin, 24 ga Nuwamba, da azahar

Toño ya zo bai yi tsokana ba, har ya bar ni na ci. Na kore shi. Ban mutu ba tukuna.

Laraba, 26 ga Nuwamba, da hantsi

Dakta Irizarry ta kira da kanta. Ta ce in dawo ranar Litinin, ɗaki na biyu, da sabon malami. Ba za a ƙara mini ko mako ba.

Na ce, "Me ya canja, Dakta?"

Ta ce, "Kwamiti ya sami ƙarin bayani." Sannan ta ƙara, "Don Efraín, nan gaba in aka bar ka kai kaɗai, akwai maɓallin kira a bango. Ja ne. Na san ka san shi."

Na ajiye waya na juya wajen Nere. Ta ɗaga hannu biyu sama. "Ko ƙofar gida ban fita ba. Tambayi kaji."

Ta rungume ni tana kuka. Ni kuwa na sake ɗaukar waya. Na kira Yadira, ba ta ɗauka ba.

Litinin, 1 ga Disamba, da yamma

Na koma. Na duba na'urata, na jera sirinjina, kowanne da sunansa a jiki. Sabon malamin yaro ne mai ladabi, sai da na juya na tambaye shi kafin in taɓa komai, har ya fara jin kunya. Mutum uku na kwantar yau, uku na tayar. Akuya ba ta kai ƙofa ba ko sau ɗaya.

Sunan Mis Pagán ba ya kan allo.

Da na fito na hango ta a wurin ajiye motoci tana cusa kaya a bayan motarta: takalman aiki, riguna cikin leda, ɗan kofinta mai hoton kwaɗo. Na nufe ta, raina a ɓace.

"Wa ya sa ki? Na ce ki riƙe bakinki!"

"An hana ni koyarwa, an dakatar da ni wata uku. Ba a kore ni ba. Ƙanwata za ta zo ta zauna da Mama." Ta rufe bayan motar. Ta kira ni da sunan dangina, kamar a ɗakin tiyata: "Kuma ka rage murya, Quiñones. A harabar asibiti kake."

"Da na ci su. Saura kaɗan."

"Da sun kore ka ranar Laraba, na ga takardar a kan tebur." Ta juyo ta tsaya irin tsayuwarta ta ɗakin tiyata, haɓa a sama. "Sau biyu ke nan kana yin abu ba ka tambayi malamarka ba. Na farko ka ceci masunci, na yafe. Na biyu ka yanke cewa ni ba zan iya ɗaukar laifina ba. Wa ya ba ka umarni?"

Na buɗe baki. Ta riga ni.

"Ka je ka yi karatu," ta ce. "In ka faɗi jarrabawar nan bayan duk wannan, da kaina zan hau dutsen in taya Doña Nere dukanka."

Ta shiga mota, ta sauke gilashi. Hancinta ya yi ja, amma dariya take.

"Ka kula da kanka a can ciki, Don Fraín. An ce wai a wurin nan ɗalibi ne kullum ke faɗuwa."

Mutane da yawa sun faɗa mini zancen nan, kuma kowannensu ji ya yi a bakin wani. Ta ƙarshe da ta faɗa mini ita ce Yadira Pagán, malamata, da kayanta a bayan mota.